Linus Yale: Mutumin Da Ya Raba Akwatin Kuɗi Da Kafar Mabuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen kwaɗo a Bawku, ko Sinkase, ko Bitu, da wuya a ce idonsa bai taɓa faɗawa kan haruffan nan huɗu ba, wato YALE, ko dai a jikin kwaɗo na ainihi ko a jikin jabun da ake kwaikwayonsa da shi. Da yawa sun ɗauka tambarin kamfani ne kawai. Alhali kuwa sunan mutum ne, wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami, wanda ya rasu tun 1868 yana da shekara 47, bai ma ga ranar da masana'antar da ke ɗauke da sunansa ta fara aiki ba.

Abin da ya dawo da zancen aikinsa a 'yan shekarun nan shi ne wani lamari da ya faru a Amurka a 2023. A can, masu bindiga kan ajiye ta a cikin babban akwatin ƙarfe, irin wanda ma'aikatan banki ke kira sef, kuma mafi yawan sababbin akwatunan suna zuwa ne da makullin lantarki, mai madannai da batir. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara jami'an FBI suka je binciken wani gida a jihar Arkansas, suka nemi kamfanin Liberty Safe ya ba su lambar buɗe akwatin da ke gidan, kamfanin kuma ya ba su bayan sun nuna takardar izinin kotu. A nan ne dubban mutane suka farga cewa bayan lambar da suka zaɓa da kansu, akwai wata lambar a ajiye a ofishin kamfani. Ko da yake daga baya kamfanin ya ba masu saye damar a goge tasu daga kundinsa, wasu da dama sun nemi maƙera makulli su cire musu na lantarkin, su sa musu tsohon yayi, wato faifan lambobi da ake juyawa da hannu. Wannan faifai kuwa, Yale na cikin mutanen farko da suka ɗora shi a ƙofar banki.

An haifi Linus Yale a ranar 4 ga Afrilu, 1821, a garin Salisbury da ke jihar Niyok. Zuriyarsu ta fito ne daga yankin Wales na Birtaniya. Mai karatu kada ya ɗauka saboda shi aka raɗa wa Jami'ar Yale suna, domin ita ta sami sunanta ne tun 1718 daga wani attajiri, Elihu Yale, ɗan dangi guda amma na nesa. Mahaifinsa, shi ma Linus Yale, mutum ne mai ƙere-ƙere, ya yi gyare-gyare a injin niƙa da na tsaga katako, daga bisani ya buɗe maƙerar makullan banki a garin Newport cikin shekarun 1840. Ɗan bai nuna sha'awar gado da wuri ba. Zane ya koya, ya yi shekaru yana zana fuskokin mutane ana biyansa, a zamanin da na'urar ɗaukar hoto ba ta gama gari ba. Ya yi aure a 1844, ya auri Catherine Brooks, suka haifi 'ya'ya 3. Sai wajen 1850 ya ajiye alƙalamin zane ya shiga sana'ar uban gadan-gadan. Zanen bai tafi a banza ba, domin mutumin da zai iya zana cikin makulli daki-daki kafin a ɗora ƙarfe a wuta ya riga abokan sana'arsa nisa.

Ya shigo sana'ar ne daidai lokacin da take cikin ruɗani. A 1851, shekarar da Bature matafiyi Barth ya iso Kano ya tarar da goron Gwanja a kasuwar Kurmi, an yi wani gagarumin baje koli a birnin Landan. Wani Ba'amurke mai tallan makulli, Alfred Hobbs, ya je can ya buɗe makullin kamfanin Chubb, wanda Ingila ke tinƙaho da shi, cikin ƙasa da rabin awa ba tare da mabuɗi ba. Bai tsaya nan ba. Akwai wani kwaɗo na kamfanin Bramah da ya shekara 50 ko fiye a tagar kanti, da alkawarin gini 200 na zinariya ga duk wanda ya buɗe shi. Hobbs ya zauna masa awa 51 cikin kwana 16, ya buɗe, ya karɓi kuɗin. Hankalin masu banki ya tashi daga Landan har Niyok, tunda abin da suka dogara da shi ya zama ba tabbas.

A shekarun nan, fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ba su da wannan damuwa iri ɗaya. Dukiyarsu wuri ne da goro da tufafi da kanwa, kuma keso ɗaya na wuri 20,000 ba abu ne da ɓarawo zai sa a aljihu ya tsallake katanga ba. Makullinsu shi ne maigidan da suka sauka wurinsa, da amanar da ke tsakani. Amma a Amurka dukiya ta riga ta koma takarda da zinariya, abin da mutum ɗaya zai kwashe a dare ɗaya, shi ya sa ƙofar akwati ta zama fagen fama.

Hobbs wakilin wani kamfanin Niyok ne mai suna Day and Newell, kuma makullinsu ne ya ci kasuwa bayan abin da ya faru a Landan, har ana ganin ba mai iya taɓa shi. Yale ya zauna ya yi nazarinsa, ya gano cewa duk lokacin da aka juya mabuɗi yana barin sawu a jikin ƙarafan ciki, wanda kuma ya iya karanta wannan sawu zai iya sassaƙa mabuɗin da zai buɗe, ko da na itace ne. Ya gwada a gaban jama'a, ya buɗe. A 1856, lokacin yana zaune a Filadelfiya, ya wallafa wani ɗan littafi a kan makullai da hanyoyin buɗe su. Wasu za su ce wannan ai koya wa ɓarayi sana'a ne. A ganina ba haka ba ne, domin ɓarawo ya riga ya sani, mai dukiya ne kullum ake bari a duhu.

Makullan banki da ya fara ƙerawa duk masu mabuɗi ne, amma da dabara a ciki. A ɗaya daga cikinsu, mai akwati na iya kwance haƙoran mabuɗin ya sake jera su yadda ya ga dama, makullin kuma ya bi sabon jerin. A wani kuma, wanda ya raɗa wa suna Magic, da zarar an zura mabuɗin an juya, sai kansa ya rabu da jikinsa, wasu ƙarafa su ɗauke shi zuwa can ƙuryar makullin inda waya ko tsinke ba sa kaiwa, ya yi aikinsa ya dawo. Dabara ce mai ban sha'awa, amma mai tsada da wuyar ƙira. Kuma duk da haka matsalar asali tana nan. Muddin akwai kafa a jikin ƙofa, akwai hanya. Idan ɓarawo ya kasa da waya, sai ya ɗura albarushi ta kafar ya kunna, ƙofa ta yi tsalle. Idan kuma bai son ƙara, sai ya nemi yaron gida ko ma'aikaci ya ɗauko masa mabuɗin na minti biyu, ya danna a jikin kakin zuma ko sabulu, ya je a ƙera masa irinsa. Wannan ta ƙarshe har gobe ana yinta a kasuwanninmu, kuma duk wanda ya taɓa tarar da kwaɗonsa a kulle lafiya lau alhali kaya sun ragu ya san zancen.

Daga nan Yale ya kai ga matsayar da ta zama ginshiƙin aikinsa, wato a toshe kafar gaba ɗaya, a kuma yi watsi da mabuɗin, sirrin ya koma cikin kan mai dukiya. Mahaifinsa ya rasu a 1858, shi kuma ya koma garin Shelburne Falls a jihar Massachusetts, inda ya haɗa gwiwa da wani mai suna Halbert Greenleaf. Wajen 1862 ya fito da makullin banki mai faifan lambobi da ya kira Monitor, a shekarar da ta biyo baya kuma ya fito da mai faifai biyu. Ba shi ne ya fara tunanin makulli mai lambobi ba. Tun a 1206 masanin injiniyan nan Musulmi, al-Jazari, wanda ya yi aiki a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau, ya bayyana akwati mai buɗewa da jerin haruffa a littafinsa na ƙere-ƙere, kuma a zamanin Yale ɗin ma akwai wasu maƙera da ke kan wannan hanya. Abin da ya yi shi ne ya kai abin matsayin da mai banki zai yarda ya damƙa masa dukiyar jama'a.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan makulli ke aiki a siffarsa ta yau, domin a nan ƙarfinsa yake. A waje akwai faifai mai lambobi daga 0 zuwa 99. Wani siririn ƙarfe ya ratsa ƙofar ya haɗa shi da ƙananan fayafayai, galibi 3, da ke jere a ciki, kowanne da ɗan giɓi guda a gefensa. A samansu akwai wata 'yar sanda da ke jiran faɗawa. Idan ka juya hagu sau 4 ka tsaya a lambar farko, ka juya dama sau 3 ka tsaya a ta biyu, ka koma hagu sau 2 ka tsaya a ta uku, to ka jera giɓin nan 3 a layi ɗaya ke nan. Sai ka juya dama a hankali, sandar ta faɗa cikin giɓin, sakata ta ja baya. Babu batir, babu waya, babu wata lamba ta biyu da wani ya ɓoye a ciki, domin giɓi ɗaya ne a kowane faifai. A lissafi, 100 sau 100 sau 100 ya ba da miliyan 1, wanda idan kowane gwaji zai ci rabin minti, mutum zai kusan shekara yana juyawa ba barci. A zahiri adadin bai kai haka ba, tunda makullin kan yafe kuskuren lamba ɗaya ko rabi, amma abin da ya rage ya fi ƙarfin ɓarawon dare ɗaya.

Shi ma wannan bai tsira daga masu wayo ba. Wani tsohon mai tallan kayan kamfanin Yale da Greenleaf, James Sargent, ya ƙera wani ma'auni mai gano motsin da ido ba ya gani, ya nuna cewa da haƙuri ana iya jin inda giɓin yake daga waje. Abin da Yale ya yi wa makullin Hobbs, shi aka yi wa nasa. Sargent ya ƙera nasa makullin da ya toshe wannan rauni, bayan yaƙin basasar Amurka kuma Greenleaf ya koma wurinsa a birnin Rochester, suka zama Sargent and Greenleaf.

Abin mamaki, aikin da ya fi yaɗa sunan Yale a duniya ba shi ne wanda ya fi ba muhimmanci ba. A gefe guda yana gyara wata tsohuwar dabara da mahaifinsa ya yi rajistarta a 1844, wadda asalinta ke komawa ga makullan itace na mutanen Masar na dā. Wanda ya taɓa zuwa ƙasar Dogon ko ta Bambara a Mali ya ga irinsu a ƙofar rumbu: sakatar itace mai ramuka, da 'yan ƙusoshi da ke faɗowa cikin ramukan su riƙe ta, sai an zura mabuɗi mai haƙora ya ɗaga su sannan ta motsa. Yale ya ƙanƙanta wannan ya mai da shi tagulla. Ya raba kowace ƙusa gida biyu, ya sa mata sifirin a baya, ya jera su cikin wani ɗan bututu mai juyawa, ta yadda sai mabuɗin da tudu da kwarinsa suka dace ne zai ɗaga kowacce daidai inda bututun zai juya. Ya yi rajistar wannan a 1861, ya inganta shi a 1865. Kafin nan mabuɗin ƙofa mai kauri dogo ne mai nauyi, saboda dole ya ratsa ƙofar. Nasa kuwa ɗan falle ne da zai shiga aljihun 'yar shara. Yawancin mabuɗan da ke rataye a ɗamarar 'yan kasuwarmu, na kwaɗo ne ko na kuba, jikokin wannan ne.

A 1868 ya haɗu da wani matashin injiniya ɗan Filadelfiya, Henry Towne, mai shekara 24. A watan Oktoba suka kafa kamfani, suka fara gina masana'anta a garin Stamford na jihar Connecticut. Ranar 25 ga Disamba na wannan shekarar, Yale yana birnin Niyok kan harkar cinikin makullansa, ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu. Towne ne ya ɗauki nauyin, ya buɗe masana'antar a 1869 da ma'aikata talatin da 'yan kai, ya rene ta har ta kai ga ɗaukar dubbai, a 1883 kuma sunan ya koma Yale and Towne. 'Yarsa Madeline ita ta gaji hannun zanen, ta yi suna a zane da ƙirar kayan ado na ƙarfe.

Akwai rauni ɗaya da bai rayu ya ga girmansa ba. Da ɓarayi suka ga ba kafa, ba mabuɗi, sai suka koma kan mai riƙe da sirrin. A watan Janairu na 1876, a garin Northampton, wanda ba shi da nisa da Shelburne Falls, wasu mutane da fuska a rufe suka shiga gidan ma'ajin banki da dare, suka ɗaure mutanen gidan, suka gana masa azaba har ya faɗi lambobin, suka kwashe kuɗi da takardun kadara na sama da dala miliyan 1 da rabi. Maganin da Sargent ya riga ya fito da shi tun 1873 shi ne makulli mai agogo, wanda ko da lambar daidai ce ba zai buɗe ba sai lokacin da aka sa masa ya yi, kuma irin wannan fashi ne ya sa bankuna suka rungume shi. Darasin ga ɗan kasuwar da ke kwana da cinikin albasa ko na shanu, sidi a gefe sefa a gefe, a bayyane yake: yawan waɗanda suka san akwai akwati a gidan ya fi irin makullin da ke jikinsa muhimmanci.

Makullin lantarki ya yaɗu ne a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, kuma ba a raina shi ba. Yana buɗewa cikin daƙiƙa kaɗan, ana iya canza lambarsa ba tare da kiran kowa ba, idan an yi ta danna lambar ƙarya kuma yakan ƙi amsawa na ɗan lokaci. Faifai kuwa yana son haske da ido mai kyau da natsuwa, dattijon da idonsa ya fara rauni zai sha wuya da shi da asuba. Amma a ƙasa irin tamu, inda zafin watan Maris ke cinye batir, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, batir ɗin kasuwa kuma rabinsa jabu ne mai zubar da ruwa ya ci waya, lissafin ya bambanta. Ranar da madannai suka mutu, ko wayar da ta ratsa ƙofar ta tsinke, sau da yawa ba abin yi sai a huda akwatin, mai wannan aikin kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Ka ƙiyasta hakan ta same ka ranar kasuwar Bawku, motar Kumasi na jira, kuɗin masu kaya na ciki. Faifai mai kyau, idan ba a wulaƙanta shi ba, yakan yi shekaru da dama yana aiki. Batun bindiga kuwa, garin da ya sha dokar hana fita da haramcin ɗaukar makami, kamar wadda aka sa a Nuwamban 2021, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Wanda doka ta ba izinin ajiye ta, nauyi ne a kansa ta kasance inda yaro ko ɓarawo ba zai kai hannu ba, makullin kuma ya zama wanda ba ya buɗewa ga kowa sai shi.

Wanda ke son yin canjin ya lura da wasu abubuwa. A manyan akwatuna masu inganci, ramukan da ake ɗaure makullin a bayan ƙofa iri ɗaya ne ga na lantarki da na faifai, don haka ana iya cire wannan a sa wancan, sai dai a yanka siririn ƙarfen daidai kaurin ƙofar. Amma ƙananan akwatunan araha da suka cika kantuna, masu batir a ciki da ɗan mabuɗin ko-ta-kwana a ɓoye bayan murfi, ba a yi su don haka ba, kuma wannan ɗan mabuɗin shi ne ainihin kafar da Yale ya yi ta faman toshewa. Aikin na gwani ne, domin a cikin ƙofar akwai wani tarko da aka ɗana don ya datse sakata idan an fasa makullin, wanda bai sani ba kuma zai iya tayar da shi ya kulle kansa a waje. A yi komai ƙofa na buɗe, a gwada lambar sau da yawa kafin a rufe. Kada a ɗura masa man inji, kada a riƙa wulwula faifan da ƙarfi. Sannan lallai a canza lambar da ya zo da ita. Sababbi da yawa na fitowa daga masana'anta a kan 50, 25, 50, kuma masanin kimiyyar nan Richard Feynman ya ba da labarin yadda aka tarar da akwatunan sirri a Los Alamos, inda aka ƙera bom ɗin nukiliya a lokacin yaƙin duniya na biyu, suna nan a kan lambar masana'anta ba wanda ya canza. Ana canzawa ne da wani ɗan ƙarfe da ake zurawa ta bayan makullin, mai akwati ya juya sababbin lambobinsa da hannunsa, mai gyara ya kau da kai. Kada a zaɓi shekarar haihuwa ko lambar mota. A kuma rubuta ta a ba amintacce guda ɗaya a rufe, saboda halin rai, kada magada su wayi gari da akwatin da ba mai iya buɗewa.

A 2006 Amurka ta sa sunan Linus Yale cikin jerin manyan masu ƙirƙira na ƙasar. Sunansa ya zauna a kan kwaɗo da kubar ƙofa. A kan faifan akwatin kuɗi da na bindiga kuwa, wanda masu cire na lantarki ke saye, sunan da aka fi gani shi ne Sargent and Greenleaf, wato tsohon mai tallansa da tsohon abokin cinikinsa.